Ƙusa a Takalmin Baduku

Kwana huɗu ƙusar tana cikin takalminsa,
Baba Tasi'u yana takawa
daga Dukawa zuwa bakin Kurmi,
ya dawo, gari ya waye, ya koma.
Ba shi ya lura ba. Ni na gani:
jan ɗigo a kan tabarma,
daidai inda yatsunsa ke kafewa in zai yi sujada.

Na ce, "Baba, ƙafarka."
Ya ce, "Wacce?"
Mutumin da ya san sawun rabin unguwa,
da ido yake awo, ba ya kuskure,
sai ga tasa ta zame masa baƙuwa.

Masu dubiya suka cika zaure.
Wannan ya ce jifa ne, wancan ya ce ya taka abu.
Ya taka kam, ga ta nan a tafina,
ƙusa ce, shi ya buga ta da hannunsa.
Aka barbaɗa gari, aka gasa da ruwan zafi,
Barau wanzami ya kankare kanta.
Mako uku, miki ya zama gyambo,
ƙuda ya san ƙofar ɗakinsa.

A Asibitin Murtala, Sista Lantana
ba ta yi faɗa ba. Ta ja kujera.
Ta ce, "Suga gara ce, Malam,
daga ciki take cin jijiya,
har ƙafa ta daina aiko da labari.
Jini kuma ya koma ruwan famfon birni,
gidan da ke ƙarshen lungu
sai dai ya ji ana ɗiba.
To ina miki zai samu abin warkewa?"

Ta sa aska tana ɗebe mataccen nama
har ta kai inda yake ja.
Ni na runtse. Shi kallo yake,
kamar ana gyara kirgin wani.
Ya ce, "Yarinya, hannunki na dukanci ne."
Ta ce, "Da ka yi ihu da na fi murna."

A gadon kusa da taga
akwai wani direba daga Gwammaja,
bargonsa ya kwanta shafal daga gwiwa.
Bai ce mana komai ba.
Ya ɗaga yatsu uku: wata uku ya yi yana jira.

Muka dawo da dokoki a leda.
Ruwan gishirin asibiti, auduga, bandeji,
ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta, a sha har su ƙare,
allura safe da yamma.
Ba wuta, sai na naɗe kwalbar
na ajiye ta a sanyin gindin randa.
Kada ya taka. Wannan ta fi masa ɗaci,
ta fi shayin da Iliya ke miƙo masa ba suga.
Kuɗin wanki ya cinye fatu goma sha biyu
da ya ɓoye don kasuwar salla.

Yanzu in ya idar da alwala
ni ke bin tsakanin yatsu da tsumma.
Madubin aurena ya sauko ƙasa,
aikinsa leƙen tafin ƙafa.
Gyambon da ya kai murfin kwalba
ya dawo ƙwayar wake. Bai rufe ba tukuna.

Jiya na tarar da shi a zaure,
ya ɗora ƙafa a kan kwali,
yana zagaya ta da fensir a hankali,
shekara arba'in bai taɓa auna ta ba.
Fata mai laushi, baki mai faɗi,
ɗinki ta waje, ko ƙusa ɗaya.

Ya gama, ya kife shi, ya kakkaɓe,
ya zura hannu har ƙurya,
yana tambayar yatsun hannunsa
abin da ƙafa ta daina faɗa.